Taya ɗaya na juyi, ɗaya na kallo

Duk watan Agusta ana ganin wannan a fadamun Funtua da Malumfashi: tarakta ta kafe, taya ɗaya na ta watsa taɓo, ɗayar ko motsi.

Nan da nan a ce difaransha ta lalace. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Aikinta ta bar tayoyin baya su bambanta gudu a kwana, shi ya sa juyin ke tafiya wajen tayar da ta rasa riƙo. Don maganin haka, tarakta Massey Ferguson 375 na da fedar kulle difaransha ta wajen diddigen dama. Direba ya taka kulos, ya danna ta, tayoyin su ja tare. Ya sake ta kafin kwana.

In kuwa ana jin gurnani, a tsiyaye man giya. In akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki, to haƙoran giya ne suka cinye, sai bakanike.