Majalisar Ɗalibai: Ginshiƙin Kulob ɗin Fasahar Mutum-mutumi a Makarantun Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa



Gabatarwa

Kano ta daɗe da sanin darajar ilimin kimiyya. Tun 1977 aka buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ga kuma kwalejin fasaha ta gwamnati a Bagauda, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Makarantu da dama suna da kulob ɗin JETS, inda yara ke gwada ƙere-ƙere. Sai dai duk malamin da ya taɓa riƙe irin wannan kulob ya san yadda yake mutuwa: a yi wa malami sauyin wurin aiki, 'yan aji shida su rubuta WAEC da NECO su tafi, kaya su kwanta a sito har batir ya lalace. Wannan takarda tana kira ne da a damƙa ragamar kulob ɗin mutum-mutumi a hannun zaɓaɓɓiyar majalisar ɗalibai, malami ya tsaya a matsayin uban ƙungiya.

Darasi Daga Waje da Gida

Ƙungiyar FIRST, wadda Dean Kamen ya kafa a Amurka a 1989, tana shirya gasar FIRST LEGO League, inda tawaga ba ta wuce yara goma. Alƙalan gasar kan yi wa yaran tambayoyi da kansu, su duba yadda suka raba aiki da yadda suke girmama juna. A 2017, da aka fara gasar FIRST Global a birnin Washington, batun tsaftataccen ruwan sha aka ba matasa su yi aiki a kai.

A gida ma muna da tushe. Garuruwanmu sun san sarkin samari, sun san gayya, inda matasa ke tsara aikin gona da kansu, manya na sa ido. A kan wannan tarbiyya majalisar za ta tsaya.

Yadda Za a Kafa Majalisar

Muƙamai biyar sun wadatar: shugaba, magatakarda, ma'aji, mai kula da sito, da mai horar da sababbi. A riƙa zaɓe sau ɗaya a shekara, a zango na uku, a zaɓi waɗanda za su shiga aji biyar, domin 'yan aji shida jarrabawa ta sha musu kai. 'Yan aji shida su koma masu ba da shawara. Kowane mai muƙami ya ɗauki mataimaki daga ƙananan azuzuwa. A makarantun da ake haɗa maza da mata, a rubuta cikin ƙa'ida cewa 'yan mata suna da kujeru a majalisa, kuma a sa lokacin zama da rana, yadda iyaye za su amince.

Mai kula da sito shi ne ya fi kowa nauyi. Allon Arduino, ƙananan injuna, wayoyi, batura da farantin sola, kowanne a rubuta shi a littafi: wa ya ɗauka, yaushe, yaushe ya mayar. Ma'aji ya karanta lissafin kuɗi a gaban mambobi duk ƙarshen wata, malami ya sa hannu. Magatakarda ya adana zanen kowace na'ura da umarnin kwamfutar da aka rubuta mata, har da gwajin da bai yi nasara ba, don na baya su ɗora daga inda aka tsaya.

Aikin da Ya Dace da Yankinmu

Majalisa ce za ta zaɓi aikin shekara, kuma ya kamata ta dubi ƙofar gida. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin noman rani na Kadawa. Ɗalibin Bebeji zai iya haɗa na'urar da ke auna danshin ƙasa, ta kunna famfo idan gona ta bushe, ta kashe idan ta ƙoshi. Na Tudun Wada da Doguwa, inda ake noman masara da shinkafa, su gwada na'urar auna zafi da laima a rumbu. Ranar da manomi ya ga abin da ɗansa ya ƙera yana rage masa kuɗin fetur, kulob ya sami majiɓinci.

Shawarwari

Na farko, shugabannin makarantu su ware wa majalisa ɗaki mai makulli da awa biyu a mako. Na biyu, ƙungiyar iyaye da malamai ta sa kulob cikin kasafinta. Na uku, majalisun ɗalibai na makarantun Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a zango, su yi aron kaya a tsakaninsu, su kuma nemi ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil su zo horar da su lokacin hutu.

Kammalawa

Malamai, mu bar yaran nan su riƙe makulli da littafin kuɗi, su yi muhawara, su yanke shawara, mu gyara musu inda suka kauce. Da haka kulob zai ɗore ko bayan an sauya mana wurin aiki, yara kuma su fita da sana'a da sanin riƙon amana.