Inda Murya Take Bi Kafin Ta Iso Ɗakinki

   

Yau ba girki za mu taɓa ba, ba kuma raino ba. Wasu tambayoyi ne guda biyu da suka yi ta maimaituwa a saƙonninku, har na ga sun cancanci fili nasu. Wasu suna cewa, me ya sa muryar ma'aikatan rediyo take fita tas kamar an wanke ta, amma mu in mun bugo waya sai a ji mu kamar daga cikin rijiya? Wasu kuma, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai, cewa suke suna da abin faɗa, ko na ciwo ko na zaman aure, amma suna tsoron dangin miji su gane su. Wai da gaske ne ana iya sauya wa mutum murya? To amsar duka biyun tana wuri ɗaya, a kan wani teburi da yawancinku ba ku taɓa gani ba, alhali kullum aikinsa kuke sauraro.

Ɗakin ɗaukar magana, wanda ake kira situdiyo, galibi ɗaki biyu ne da gilashi a tsakani. Mai magana tana ɗaya, gabanta makirfo. Injiniya yana ɗayan, gabansa wata na'ura mai faɗi cike da 'yan madannai da fitilu. Sunanta na'urar haɗa sauti, amma masu aikin miksa suke ce mata. Duk wani sauti sai ya bi ta cikinta: muryata, muryar baƙuwa, kiran waya, kiɗan buɗe fili. Kowanne yana da layinsa, kowane layi kuma yana da ɗan madanni mai zamewa sama da ƙasa, wanda suke kira feda. A tura shi sama murya ta fito, a ja shi ƙasa ta ɓace. Ke dai ki ɗauka tukunyar miya ce, injiniya kuma shi ne mai girkin. Ya san yadda zai sa kowane abu daidai, don kada kiɗa ya danne magana kamar yadda gishiri yake danne miya.

Miksar da aka saba da ita a da, sauti yana bi ta cikinta ne a matsayin wutar lantarki, tun daga shiga har fita. Ta yanzu, wadda ake kira ta dijital, da murya ta shigo sai ta mayar da ita lambobi. Tana auna muryar sau 48,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta rubuta kowane awo, sannan ta yi lissafi a kansu irin na kwamfuta. Kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fito da irinta tun 1987, kuma wadda ya yi a 1995, mai suna 02R, ta shiga situdiyo da yawa a duniya. A 2012 kamfanin Behringer ya fito da X32 mai ɗaukar makirfo 32, da sauƙin kuɗi, har ƙananan wurare suka samu damar mallaka.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba ta mantuwa. In injiniya ya gyara wa kowace murya ma'auninta yau, sai ya adana. Mako mai zuwa maɓalli ɗaya zai danna, ki ga fedodin nan suna tafiya da kansu, kowanne ya koma inda aka bar shi, babu hannun da ya taɓa su. Wadda ba ta sani ba sai ta yi a'uziyya. Ba aljanu ba ne, 'yan ƙananan injuna ne a ƙarƙashinsu. Ku riƙe maganar rashin mantuwar nan, za mu dawo kanta.

Kafin a fara ɗauka, injiniya zai ce ki yi magana ya gwada. A nan mata da yawa suke cutar kansu. Kunya ta sa ki yi gwajin da 'yar murya ƙasa-ƙasa, shi kuma ya buɗe wa layinki ƙofa sosai don ya ji ki. Can da hira ta yi daɗi, kin saki jiki, sai ki ɗaga murya ko ki tuntsire da dariya. Nan take jar fitila ta kama. Ita na'urar dijital tana da iyakar da lambobinta ba sa wucewa, duk abin da ya haura wannan iyaka yanke masa kai take yi, sai a ji murya tana tsagewa kamar tsohuwar lasifika. Wannan shi ne ƙaurin sauti. Kin san in tuwo ya yi ƙauri, ko kin sauya masa tukunya warin yana nan. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda ta tsage gyaranta sai dai a rage muni. Don haka in an ce ki gwada, yi magana da muryar da kike kiran yaranki daga tsakar gida zuwa ɗaki, ba wadda kike gaida surukarki da ita ba.

Tsakaninki da makirfo ya zama kamar ɗani ɗaya, kuma kada ki riƙa waiwaye kina magana. Awarwaro kuwa, don Allah a tuɓe su. Kunnenki ya saba da ƙararsu har ba kya ji, amma makirfo bai san sabo ba. Haka zobe in yana ƙwanƙwasar teburi, da mayafi in yana gogar makirfo, da takarda in ana juya ta.

Sauran gyaran na injiniya ne. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa, wato mafi kauri, har zuwa mai kaɗawa sau 20,000, mafi siriri. Miksa tana iya kama wani yanki a cikin wannan ta rage shi ko ta ƙara. Gurnanin nan na wutar lantarki da kuke ji a wasu lasifikun biki, yana zaune ne a kan 50, domin haka wutar ƙasarmu take kaɗawa. Muryar mace kuwa gindinta yana wajen 200 ne. Kun ga ke nan ana iya share gurnanin ba tare da an taɓa muryar ba. Akwai kuma abin da yake danne murya in ta yi sama da yawa, don mai sauraro kada ta yi ta murɗa rediyo tana ƙarawa tana ragewa. Akwai mai rufe layi da kansa in mutum ya yi shiru. Akwai amsa-kuwwa, wadda suke kira eko, irin wadda ake zuba wa waƙoƙin fim. A gani na dai an cika mata hannu a waƙoƙinmu, har wani sa'in ba ka rarrabe mawaƙiya da mawaƙiya, amma wannan zancen wata rana ne.

Yanzu ga amsar masu bugo waya. Layin waya na yau da kullum ba ya ɗaukar murya dukkanta. Daga 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka, ya zubar da kaurin ƙasa da sirantakar sama. Abin da waya ta zubar a hanya, miksa ba ta da inda za ta samo shi. Saboda haka ba muryarki ce mara daɗi ba, kuma ba wai an fi kula da tamu ba ne. Shi kuma roƙon da kullum muke yi, cewa ki rage ƙarar rediyonki, ga dalilinsa: muryarki ta zo mana ta waya, mu watsa ta, ta fito a rediyonki, ta sake shiga wayarki, ta dawo mana. Haka za ta yi ta zagaye har ta zama wannan kukan mai huda kunne. Kashe rediyon ma ya fi, ki saurare mu ta cikin wayar.

Wadda kuma ba ta fita, sai dai ta aiko da saƙon murya ta WhatsApp, ita ma tana da situdiyo a gidanta ba ta sani ba. Ɗakin da yake da katifa da labule da kaya a rataye shi ne, domin tufafi suna shanye amsa-kuwwa. Ɗaki fayau mai tayil shi ne mafi muni. Kashe fanka, ki bari injin markaɗen maƙwabta ya yi shiru, ki kori kaji daga bakin ƙofa. Kada ki manna wayar a leɓenki. In kin gama ki saurara da kanki kafin ki tura.

To mu zo ga babbar maganar. E, ana iya sauya murya. Ana iya saukar da ita ta yi kauri kamar ta namiji, ko a ɗaga ta ta koma kamar ta yarinya, a miksa ko a kwamfutar da aka haɗa da ita. Amma wallahi ba zan ɓoye muku ba, wannan mayafi ne shara-shara. Na'ura amon murya take sauyawa, ba ta sauya karin harshenki ba. Basakkwaciya tana nan Basakkwaciya, Bakatsiniya tana nan Bakatsiniya. Ba ta cire kalmar nan da kika saba jefawa a kowace jimla, wadda duk gidanku an san ki da ita. Ba ta sauya yadda kike jan numfashi ko yadda kike dariya. Kishiyar da kuka shekara goma kuna raba kwana ba amon muryarki kaɗai ta sani ba. Bayan haka, wanda ya san aikin yana iya ɗaukar muryar da aka saukar ya sake ɗaga ta, ta dawo kusa da yadda take. Sannan labarin kansa yana tona mai shi. In kika ce mijinki direban tanka ne, 'ya'yanki bakwai, na farin kurma ne, ai ko da muryar zaki aka sa miki an gane ki.

Shawarata ga mai maganar da bayyanarta za ta iya kashe mata aure ko ta jawo mata duka ita ce, kada ta yarda a watsa muryarta ko an ce za a sauya. Ta ba da labarin, a sauya sunan gari da yawan 'ya'ya da sana'ar miji, wata ma'aikaciya ta karanta da bakinta. Manyan gidajen rediyon duniya ma haka suke yi in abin ya shafi tsaron mai magana. Saƙon zai isa inda ake so, ke kuma kina ɗakinki asirinki a rufe.

Na ce ku riƙe maganar rashin mantuwa. Miksar zamani tana iya ɗaukar kowane makirfo daban, ta zuba a kwamfuta ko a ɗan abin adana bayanai da bai kai yatsa ba. Ko an sauya muryar da aka watsa, ta asalin tana iya zama a ajiye. A zamanin kaset, sai mutum ya zauna ya juya kafin a samu kwafi na biyu. Yanzu cikin daƙiƙa kaɗan an kwafa, cikin minti ɗaya ta tsallaka gari. Magana zarar bunu ce tun a da, balle yanzu da aka yi mata rumbu. Don haka ki tambaya tun kafin ki buɗe baki: wa zai riƙe ta asalin, kuma za a goge ta bayan an watsa? Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinki ne.

Kuma ku sani, ko an ja feda ƙasa, akwai maɓallin da injiniya yake dannawa ya ji abin da ake faɗa a gaban makirfo ta abin da yake sawa a kunne. Don aiki aka yi shi, don ya gwada layi ba tare da ya fita a iska ba. Amma dai ma'anarsa ita ce, muddin kina gaban makirfo, ki ɗauka a buɗe yake. Hirar uwar miji a bar ta sai an fito.

Sai yanka da haɗi. Yawanci alheri ne, da shi ake cire tari da in'ina da maimaici, ki ji kanki kina zuba kamar malamar makaranta. Amma ku duba wannan. Unguwarzoma ta ce, kada ki ba jariri ruwa kafin ya cika wata shida. A cire kalmar kada kawai, me ya rage? Ki ba jariri ruwa kafin ya cika wata shida. Muryarta ce, ba a ƙara ko harafi ba, amma an juya maganar. Ba lallai da mugunta ba, gaggawa ma tana sa hannu ya zame. Shi ya sa duk wadda aka ɗauki maganarta a kan lafiya, ko addini, ko wata shari'a ta iyali, ya kamata ta nemi a kunna mata ta ji bayan an gyara, kafin a watsa. Shi ya sa kuma in an turo miki guntun murya a waya an ce ga abin da wance ta faɗa a kanki, ki tambayi farkonsa da ƙarshensa kafin ki ɗaura ɗamara. Balle a yau da kwamfuta take iya kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

Masu sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da humra da dubulan da ɗinki, da kuke aika ƙane ko ɗa ya yi muku tallar rediyo a situdiyo, ku ce masa ya saurari tallar a ƙaramar rediyo ko a waya kafin ya biya. Lasifikun situdiyo manya ne, komai daɗi yake yi a cikinsu. Masu sayen kayanki kuwa a 'yar rediyo mai batir za su ji, ga kukan yara ga daka. In kiɗa ya danne lambar waya, an yi asarar kuɗin. A faɗi lambar sau biyu, a hankali, kiɗan kuma a ja shi ƙasa a daidai wurin. Ya kuma karɓo miki kwafinki, don in za ki kai wani gidan rediyon ba sai kin sake biyan kuɗin ɗauka ba.

Iyaye kuma, in kuna da yarinya mai kaifin kunne, irin wadda take gane tafiyar kowa tun daga soro, wannan aiki ne da ake koya. Ana karanta aikin jarida da watsa labarai a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai kuma kwalejin talabijin ta NTA a Jos. Aiki ne na zaune, a bayan gilashi, ba ɗaukar kaya ba hawan bango. Mace da yawa ba za ta iya faɗin ciwon da yake damunta ba in ta ɗaga kai ta ga namiji ne yake sanye da abin ji a kunne yana kallonta. In 'yar'uwarta ce a kan miksar, bakin ya fi buɗewa.

Ga shi injiniya yana ɗaga mini hannu ta cikin gilashi, lokaci ya cika, yanzu zai ja fedata ƙasa ya turo kiɗa. Mai sauran tambaya ta aiko, in ba ta so a ambaci sunanta ta rubuta haka a farkon saƙon. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.