Magana Ta Bakwai: Taswira Da Shirin Ko-ta-kwana

Makon jiya mun yi magana a kan tsabtar rijiya. Yau kuwa maganarmu a kan taswira ce. Na san wani zai ce ina ruwan ma'aikacin lafiya da taswira, ai wannan aikin masu safiyo ne. To, ku saurara ku ji.

A shekarar 1854 ciwon amai da gudawa, watau kwalara, ya faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, ya kashe mutum wajen 500 cikin kwana goma. Wani likita, sunansa John Snow, ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan su ke ɗiban ruwa. Ya tarar yawancinsu famfo ɗaya su ke sha. Hukuma ta cire hannun famfon. Ya kuma zana taswirar unguwar, ya sa alama a duk gidan da aka yi rasuwa, sai ga alamun sun taru kewaye da famfon nan.

Abin da likitan nan ya yi da alƙalami, yau da kwamfuta a ke yi. Ku ɗauka an sami takardu shara-shara, waɗanda a ke hangen na ƙasa ta cikin na sama. Ta fari an zana mata koguna da fadamu da tuddai. Ta biyu hanyoyi da gadoji. Ta uku ƙauyuka da yawan mutanensu. Ta huɗu asibitoci da makarantu da rijiyoyi. Sai a ɗora su bisa hoton ƙasa da tauraron ɗan Adam ya ɗauko. Daga nan ma'aikata su na iya ganewa, tun rani, in kogi ya cika wane ƙauye ruwa zai fara ci, wace hanya motar asibiti za ta bi in gada ta nutse, wace makaranta ce a kan tudu da za a sauke mutane, waɗanne rijiyoyi ne ke kusa da masai.

Mun ga amfanin wannan a yaƙi da shan inna. Da aka soma aiki da irin taswirar nan a Kano da waɗansu jihohin Arewa, an gano rugage da ƙananan ƙauyuka waɗanda babu su cikin taswirar hannu, masu rigakafi kuwa su na wuce su. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mun kuma ga abin da ruwa ke yi. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare, bayansa kwalara ta biyo.

Amma fa taswira ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Tauraro ya na ganin rufin ɗaki, ba ya ganin mai ciki ko tsohon da ba ya iya tafiya a cikinsa. Saboda haka ga naku aikin:

1. In ma'aikata sun zo ƙirga gidaje, kada ku ɓoye kowa. Wanda ba a rubuta ba, ba za a neme shi ran wahala ba.

2. Dattawa su nuna musu iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.

3. In an kafa sabuwar ruga, ko gada ta karye, mai unguwa ya sanar da dagaci.

4. Ko wane mai gida ya san tudun da zai kai iyalinsa, da hanyar zuwa can.

Ku tuna, ba a fafe gora ran tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.