Ɗakin Huce Fushi: Ina Mai Bi Zai Kai Fushinsa?

 Maganar da zan yi yau a kan fushi ce, da wata hanya da duniya ta ƙago don maganinsa.

Ana ce da ita ɗakin huce fushi. Mutum zai biya kuɗi, a ba shi hular kwano da safar hannu da guduma, a bar shi cikin ɗaki tare da kwalabe da tangaran da tsofaffin talabijin, ya yi ta farfasawa har ya gaji. A Japan aka fara jin labarin abin wajen 2008, daga nan ya bazu zuwa Amurka da Turai. A 2024 jaridu suka ba da labarin wanda wani likita ya buɗe a Legas, mai suna Shadow Rage Room, inda a lokacin ake biyan naira 7,500 don minti 30.

Kada mu yi musu dariya, domin abin da ke kai su can yana damunmu mu ma. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, magidanci ya san yadda kuɗin cefane yake ƙarewa tun wata bai raba ba. 'Yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu a Batsari da Jibiya da Faskari. Mu kuma da muke 'yan kaɗan a wannan gari, sau nawa muke haɗiye magana a kasuwa ko a wurin aiki saboda zaman lafiya?

To, fashe-fashen yana magani? Wani masani a Amurka, Brad Bushman, ya gwada a 2002. Ya sa aka ɓata wa ɗalibai rai, sa'an nan waɗansu suka yi ta naushin buhun dambe suna tunanin wanda ya ɓata musu, waɗansu kuwa suka zauna shiru kawai. Masu naushin ne suka fi fita da fushi. A 2024 shi da Sophie Kjærvik, a Jami'ar Jihar Ohio, suka haɗa bincike 154 da aka yi a kan mutane fiye da 10,000. Suka tarar abin da ke kwantar da jiki, kamar jan numfashi a hankali da natsuwa, shi ne ke rage fushi. Abin da ke ƙara wa jiki zafi kuwa ba ya ragewa. Dalilin a fili yake: hannun da aka koya wa duka a lokacin fushi, duka zai nema gobe.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna mana wannan. A Littafin Ƙidaya sura 20, gunagunin jama'a ya ishi Musa. Allah ya umarce shi ya yi wa dutse magana, shi kuwa ya buge shi da sanda har sau biyu. Ruwa ya fito, amma Musa bai shiga ƙasar alkawari ba. Dutsen bai yi masa laifi ba. Haushin kaza, huce kan dami.

'Yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Da yawa cikinmu ba mu bukatar zuwa Legas, domin mun mai da gidajenmu ɗakin huce fushi. Abin da maigida ya haɗiye a waje, a kan matarsa yake sauke shi. Ita kuma ta sauke a kan yara, ko a kan yarinyar da take riƙo. Ran Lahadi mu zo sujada da fara'a. Kwalba idan ta fashe sai a share, zuciyar yaro fa?

Afisawa 4:26 ba ta ce jin fushi zunubi ne ba. Gargaɗinta shi ne kada fushin ya kai mu ga zunubi, kada kuma mu kwana da shi. Ga abubuwa huɗu da za su taimake mu.

Na ɗaya, ka kwantar da jikinka tukuna. Ka fita daga ɗakin, ka sha ruwa, ka ja numfashi. Kada ka hori yaro alhali hannunka yana rawa.

Na biyu, ka faɗa wa Allah gaskiyar abin da ke ranka. Hannatu ta sha tsokana daga kishiyarta Feninna, amma gaban Ubangiji ta kai kukanta a Shilo, ta tashi fuskarta a sake.

Na uku, ka kai maganar wurin wanda ya dace. A Nehemiya sura 5, Nehemiya ya husata ƙwarai da ya ji masu hali suna karɓe gonakin talakawa saboda bashi. Sai da ya yi tunani, sa'an nan ya fuskance su, suka yi alkawarin mayar da gonakin. Haka Matiyu 18:15 ta koya mana: tsakaninka da ɗan'uwanka ku biyu tukuna.

Na huɗu naku ne, dattawa. Idan matar wani ta zo da ƙara, kada ku sallame ta da “ki yi haƙuri” kawai. Ku saurare ta, ku kira mijin, ku riƙe asirinsu. Inda duka ya shigo, kare ranta da na yaran shi ne farko. Wanda kuma fushi ya hana shi barci, ko yake tunanin cutar da kansa ko wani, ku yi masa addu'a, ku kuma raka shi wurin likita. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Kowa ya tambayi kansa kafin ya kwanta yau: wane ne a gidana yake ɗaukar fushin da ba nasa ba? Ka je ka nemi gafararsa. Ubangiji ya ba mu zuciya mai jinkirin fushi, ya sa gidajenmu su zama wuraren salama. Amin.