Fitilu Uku Kore a Gaban Matuƙi

A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, ta yarda mutum ya ƙera jirgin sama a garejin gidansa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Duk watan Yuli irin waɗannan maƙera kan hallara a Oshkosh, jihar Wisconsin, kowa yana nuna nasa.

Fukafukai da inji ke ɗaukar ido, amma ni wayoyin lantarki suka fi damuna, musamman na tayoyin da ake naɗewa bayan an tashi. Kowace ƙafa tana da ɗan makunni da ke kunna fitila kore idan ta sauko ta kulle. Da fitilun nan uku matuƙi ke dogaro. Akwai kuma wani makunni da ke hana tayoyi naɗewa muddin nauyin jirgi yana kansu a ƙasa.

Kada a raina ƙwan fitila. Ranar 29 ga Disamba 1972, jirgin Eastern Air Lines mai lamba 401 ya faɗi a fadamar Everglades ta Florida, mutum 101 suka mutu, yayin da matuƙa suka shagala da ƙwan fitilar tayar gaba da ya ƙone.

Tunda ƙaramar matsalar lantarki na iya jawo babban haɗari, tilas mai ƙera jirgi ya raba layukan wuta. Misali, fitilar da ke haska titin sauka mai wat 100 tana jan wuta kusan amfiya 7, a ba ta waya mai kauri da fis nata daban, ta yadda idan ta yi gajeren haɗi da dare ba za ta kashe famfon da ke naɗe tayoyi da saukar da su ba.