Kada rumbu ya ƙare kafin maimai

Jawabin malamin gona ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Yelu

  

Yau ina so mu yi maganar wata guda, watan da ake maimai. Kowa ya san shi. Hatsi ya kai gwiwa, haki ya taso, rumbu kuwa ya yi fayau. Maigida ya tashi da safe, babu na fura. Sai ya ɗauki kalme ya tafi ƙwadago gonar wani. Ya wuni a duƙe, ya samo tiya biyu ko uku. Gobe ma haka. Tasa gonar tana jiran shi, haki yana cin ta. Da kaka sai ya ɗaure damma kaɗan, ga kuma bashi. Baɗi rumbun zai riga na bana ƙarewa.

Ƙwadago ba abin kunya ba ne. Aiki ne, halal ne. Amma a yanka lada tun kafin a duƙa, a biya mutum ran da ya yi aikin. Mai gonar da ke cewa "dawo ran kasuwa" ya sani yara na can gida suna jira. Abin da nake ƙi shi ne ƙwadagon dole, wanda yunwa ke kai mutum, ya karɓi duk abin da aka miƙa mashi.

To, mi ya sa rumbu ke ƙarewa? Mu nan ba mu da hujjar mutanen arewa. Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Muna da fadamar Dallol Mauri da ta Foga, inda ruwa ke kusa. Muna da rake, da rogo, da dankali, da shinkafa. Fari yana zuwa, gaskiya ne. Tsofaffi sun ga 1973 da 1984, da yawanmu mun ga 2005. Amma ko a shekarar albarka akwai gidajen da ke shiga wannan hali. Hatsin ba ɓata ya yi ba. An sayar da shi ne da kaka.

Ku ɗauko alli mu yi lissafi. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya wajen 40. Mu ce, misali, ka sayar da buhu biyar da kaka, kowane jikka 15. Ka karɓi jikka 75. Aka yi biki, aka ɗinka tufafi, aka biya bashi, kuɗi suka tafi. Da damina ka koma kasuwa, mu ce buhu ya kai jikka 25. Buhu nawa jikka 75 za ta saya maka? Uku. Buhu biyu sun tafi, tiya 80 ke nan. In gidanka na cin tiya biyu a wuni, abincin kwana 40 ne. Kwana arba'in ɗin nan su ne kake yi a gonar wani.

Na san abin da za ku ce: "Malam, da kaka muna bukatar kuɗi." Haka ne. Saboda haka aka kawo dabarar jinginar da hatsi, wadda hukumar FAO ta taimaka aka yaɗa a Nijar tun wajen 1999. Ƙungiyar manoma takan tara buhunan mutanenta a ɗakin ajiya guda. A rubuta sunan kowa a buhunsa. A sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun da zai ba da rance. Asusu ya ba kowa rance, ƙasa da kuɗin hatsin da ya ajiye. Bayan wata biyar ko shida ka biya, a buɗe, ka ɗauki hatsinka. In ka ga dama ka ci, in ka ga dama ka sayar.

Ba zan ɓoye maku ba, akwai kuɗin ajiya, akwai abin da asusu ke ɗorawa. Wata shekara kuma farashi ba ya tashi. Kuma in ka cinye rancen, hatsinka za a sayar a biya. Rancen na sana'ar rani ne: turkar rago, lambu, ko ɗan fatauci. Nan ne karatunku zai yi rana. Ƙungiyar da ba ta da mai rubutu, wani na waje ne zai riƙe mata littafi. Ku ne za ku auna, ku rubuta, ku karanta takarda kafin ku sa hannu.

Sana'ar rani kuwa tana bakin ƙofarmu. Ku dubi giginya. Kurmin giginya irin na Dallol Mauri babu kamar shi a ƙasar nan. Ƴaƴanta abinci ne. Ƙwallonta a binne shi da damina, bayan wata shida zuwa takwas a tono muruci, a dafa, a kai kasuwa. Mata da yawa da shi suke rufa asirin gida. Ganyenta a yi tabarma da igiya. Gangar jikinta azara ce da gara ba ta ci da sauƙi. Da, giginya ta ma'aikatan gandun daji ce kaɗai, talaka sai kallo da tara. A shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis, aka sa mutanen garuruwa cikin tsaronta da cin amfaninta. Amma giginya tana daɗewa ƙwarai kafin ta haihu. In muka kwashe ƙwallo duka muka yi muruci, ina ƙananan da za su gaji manya? Kowa ya bar wasu su tsira a gonarsa, ya kare su daga wuta da bakin dabba.

Samari, ban hana ku tafiya bida ba. Sai dai hanya ba ta da tabbas. A 2019 Najeriya ta rufe iyakarta fiye da shekara guda, hanyar Kamba ta yi wuya. A 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil. Wanda ke da rijiya a fadama bai daina ban ruwa ba.

Sauran magana guda, ita ce fadamar kanta. Yunwar damina tana sa mutum ya jinginar da gonarsa da baki kawai. Shekaru su wuce, shaidu su rasu, ƴaƴa su tashi babu gona. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye don irin wannan. In dole ta sa za ka yi jingina ko aro, ka je wurin maigari da kwamiti a rubuta, ka riƙe takardarka.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowane ɗalibi ya rubuta abu uku a littafinsa: damma nawa ya ɗaure bara, nawa ya sayar da kaka, kuma wane wata rumbunsa ya ƙare. Mata su rubuta nasu na gayauna da na muruci. Ba sai ka nuna wa kowa ba in ba ka so. Waɗanda suka yarda, za mu haɗa lissafinsu a allo, mu ga ko buhunanmu sun isa mu nemi ɗakin ajiya bana.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.