Masu Tsaron Huhu da Ba Sa Mantuwa

 

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi, sai ki ji gida ya cika da tari da mura. To yau zancenmu a kan wasu masu tsaro ne da Allah ya ajiye mana a cikin huhu.

Cikin fararen ƙwayoyin jininmu akwai waɗanda likitoci ke kira ƙwayoyin T. Idan ƙwayar cuta ta bairos ta bi ta hanci ta sauka huhu, su ne ke gano inda ta ɓuya su hallaka ta. A karon farko sukan ɗauki kusan mako guda kafin su shirya. Bayan an warke kuwa, wasunsu ba sa komawa cikin jini. Zamansu suke yi a huhun, kamar uwargidan da ba ta fita amma ta san muryar duk mai sallama a zaure. Ran da cutar ta dawo, nan take za su gane ta, su tare ta tun ba ta yi ƙarfi ba.

Amma fa suna da babban maƙiyi, wato baƙon dauro, wanda wasu ke kira ƙyanda. Shi ma ta numfashi yake shiga, sai ya afka wa ƙwayoyin nan masu tunawa. A shekarar 2019 masana sun binciki yaran ƙasar Holan da ba a yi wa rigakafi ba, suka ga bayan ƙyanda sun rasa kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da jininsu ya tara. Shi ya sa za ki ga yaro ya tashi daga baƙon dauro, sai kuma ciwon huhu ko gudawa su biyo baya.

Don haka 'yar uwa, allurar baƙon dauro sau biyu ce: a wata 9 da kuma wata 15, kyauta a asibitin gwamnati. Ki nemi izinin maigida, ko kakar yaro ta kai shi. Ki nisanta goyonki daga hayaƙin murhu. In kin ga numfashinsa na sauri, haƙarƙari na lotsawa, kada a kwana, a nufi asibiti a Dutsin-Ma ko Kurfi.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.